Mai Zuwa Ƙarfe Huɗu

Ƙarfe huɗu daidai 'yar fitilar da ke saman kwamfutar ta kama, kamar jiya, kamar shekaranjiya. Hedimasta na tsaye a bakin ƙofar ɗakin, hannu ɗaya a jikin ƙyaure. Kibiyar da ke kan allo ta motsa ita kaɗai, ta buɗe farin shafi, haruffa suka fara fitowa manya-manya, irin girman da matarsa ke so saboda idonta.

"Na zo. Ina jira."

Bai taɓa tsayawa ya ga abin da ke biyo baya ba. Ya ja ƙofa, ya koma falo.

Wata biyu ke nan da rasuwarta. Ya hana a taɓa komai a ɗakin: kwamfutar na nan a buɗe, a jone da wuta, kujerarta na fuskantarta, babu mai zama. Mutumin da ya yi shekara talatin yana riƙe da makaranta, wanda gyaran muryarsa kaɗai ke sa aji ya yi tsit, wai shi ne yau allo ke kora! Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kuma duk da haka ƙarfe huɗu ba ta taɓa yi masa a wani wuri ba.

Lokacin da tana raye, kullum war haka sai ta yafa mayafinta mai kyau, ta zauna gaban na'urar da ta ce ƙanwarta ce ta aiko mata, ta turo ƙofa. Ya sha jin dariyarta. Ya sha yi mata tsiya cewa tsufa ya zo mata da kallon fim. Sai ta ce, "Kai dai ji da jaridarka."

Bai taɓa tambaya ba. Hedimasta ba ya tambaya, hukunci yake yankewa tun mutum bai rufe baki ba. Haka ya yi wa malamai, haka ya yi wa ɗalibai, haka ya yi wa ɗansa na fari ranar da ya kore shi daga gida shekara biyar da suka wuce, haka yake wa mai kawo ruwa in ya makara.

Auta, 'yarsa, ita ta lura abinci na komawa yadda aka kawo shi. Sai ga shi ya fara rabar da littattafansa.

"Baba, lafiya?"

"Ta ce tana jirana."

"Wa?"

"Uwarki mana."

Auta ta yi salati. Washegari da safe ta naɗe kwamfutar a zani, ta sa shi gaba zuwa wurin mai gyara, yana faɗa tana toshe kunne.

Shagon siriri ne, fanka ba murfi, warin darma, matattun kwamfutoci an jibge su har rufi. Mai gyara ya daɗe yana danne-danne kafin ya ɗago.

"Baba, ba fatalwa ba ce. Mugayen manhajoji iri-iri ne. Akwai bairos mai maƙalewa a fayil ya lalata shi. Akwai mai yaɗuwa da kansa daga na'ura zuwa na'ura. Akwai mai kulle maka komai ya ce sai ka fanshi kayanka. Naku ba ko ɗaya daga cikinsu ba ne. Wannan ƙofar baya yake buɗe wa wani mutum daga nesa, ya kunna kyamara, ya yi rubutu, kamar yana zaune a ɗakin."

Jin haka tsoron Hedimasta ya juye ya zama wuta. Ashe mutum ne! Wani ɗan iska ne ke leƙen ɗakin matarsa, yana wasa da hankalin tsoho!

"Goge shi."

"To Baba, amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Shekara biyar yana ciki, bai ɗauki ko allura ba. Da ka bari na nuna maka..."

"Lacca na zo ji? Na ce goge shi yanzu, ina kallo."

Mai gyara ya dubi Auta, Auta ta sunkuyar da kai. Ya danna. Wani layi kore ya cika a hankali, ya ɓace.

Hedimasta ya sauke ajiyar zuciya. Sai kuma wani ɗaci ya taso masa, don ya gane daga yau babu mai ce masa ya zo.

"Shi ke nan? Ba zai dawo ba?"

"Ba hanya, Baba. Mu ma ba mu da hanyar nemansa, adireshin yana cikin abin da ka sa na goge." Mai gyara ya juyo masa da allon. "Rubutun ne kaɗai ya rage. Shafin yana ajiye duk abin da aka rubuta. Ga na jiya, shi na so ka gani."

Hedimasta ya laluba aljihu, ya maƙala tabarau. Layin farko ya san shi sarai. A ƙarƙashinsa akwai sauran, wanda bai taɓa tsayawa ya karanta ba.

"Mama, wata biyu ke nan kujerarki babu kowa. In Baba ne ya gano ya hana ki, don Allah ki zauna ko na minti ɗaya in ga lafiyarki ƙalau. Gobe ma zan zo."