Mukulli a Aljihun Ejnar

Viggo yana cikin kakkaɓe tsohuwar kwat ɗin maƙwabcinsa Ejnar wani mukulli ya faɗo.

Ranar Asabar za a yi taron tunawa da marigayin. Sai da aka yi zama huɗu kafin mazauna unguwar su amince a rataye kwat ɗin a zauren cin abinci, kusa da kekensa. Ejnar Holmgaard ne ya kafa wurin shekara hamsin da suka wuce: gida ashirin da bakwai, ɗakin girki ɗaya, dogon teburi ɗaya, babu katanga ko ta tsawon gwiwa. Ya zagaye Denmark kaf yana wa'azin cewa kaɗaici cuta ne, maganinsa maƙwabci. Shi ya sa aka cire kuba daga ƙofofin kowa, har da na masu minshari.

Ga shi kuma Ejnar ɗin da mukulli, ɗaure da 'yar takarda mai sunan wani titi a garin Roskilde.

Viggo bai kai wa Ragnhild, matar marigayin, ba. Maƙwabciyarsu Dorte ya nufa, wadda aka ɗora wa jawabin ranar Asabar. Ta jujjuya mukullin, ta cire tabarau.

"Laraba," ta ce.

Kowa ya san Larabar Ejnar. Da hantsi zai hau jirgin ƙasa ya tafi taron ƙungiya, ya dawo da yamma fuska a sake, yana fito. Mutumin da ko shawarar sayen tsintsiya aka yi sai ya rubuta rahoto, amma ba wanda ya taɓa ganin rahoton taron Laraba.

"Ke Dorte, mutum mai shekara tamanin da huɗu fa."

"Ai ba da tamanin da huɗu aka haife shi ba, Viggo."

Sun yi kwana biyu suna kallon Ragnhild ta wutsiyar ido. Tana nan yadda take: ta zaɓi kyandirori, ta yi musu a kan yawan burodin da za a gasa, ta hana a sa kifin gwangwani. Shekararta tamanin da ɗaya, kuma 'yan jarida biyu sun ce za su zo. Idan akwai wata mata a Roskilde, to ta ga sanarwar rasuwa. Tana iya shigowa ranar Asabar da baƙaƙen kaya, ta zauna a layin gaba.

Ranar Alhamis suka samu sarari. Ragnhild ta tafi gari gashin gwiwa kamar kullum, gwiwar da ta hana ta karɓar girkin Alhamis tun Dorte na da baƙin gashi. Tana ficewa suka bi wata hanya zuwa tasha.

Ɗakin na hawa na uku, a saman shagon mai gyaran takalma. Mukullin ya buɗe ba gardama.

Kujera ɗaya ce, tana fuskantar taga, tagar na kallon ruwa. Kofi ɗaya, faranti ɗaya, cokali ɗaya. Babu waya, babu allon jerin masu wanke-wanke. Shiru ne irin wanda Viggo ya manta da akwai shi a duniya, har sai da ya ji kunnensa na ƙara.

Ya fara sakin ajiyar zuciya kenan Dorte ta taɓa shi. A bayan ƙofa an rataye koren gyale na ulu. A kan taga ga tabaran mata, ga man shafa hannu, ga saƙar safa an kai rabi, allurai a soke.

Viggo ya zauna a kujerar da ƙarfi. Shekara ashirin da suka wuce ya nemi izinin dasa 'yan shuke-shuke a gaban tagarsa don ya riƙa shan kofi ba a gaishe shi ba. Ejnar ya miƙe a gaban mutum sittin ya tambaye shi me yake ɓoyewa. Har yau in ya tuna sai kunnuwansa su yi zafi.

"Ni da na nemi ganye kawai," ya ce.

Dorte ba ta yi dariya ba. A shafi na biyu na jawabinta ta rubuta cewa Ejnar ya rayu ƙofarsa a buɗe, ya mutu ba shi da sirri. Ta yi kuka lokacin da take rubuta layin.

Ba su ja magana ba, abin da bai taɓa faruwa a tarihin unguwar ba. Za su kwashe kayan matar, su bar mata takarda wurin mai takalma cewa don Allah kada ta zo. Mukullin kuma Viggo zai jefa shi a ruwa. Ragnhild za ta binne mijin da ta sani.

Dorte ta naɗe gyalen ta cusa a jaka. Tana ɗaukar saƙar suka ji taku a matakala, a hankali, ana hutawa a kowane hawa. Takun ya tsaya a bakin ƙofa. Aka zura wani mukulli.

Viggo ya miƙe, ya ɓoye jakar a bayansa kamar hakan zai yi wani amfani.

Ragnhild ce ta shigo, riƙe da ledar burodi mai kirfa guda ɗaya tak. Ta dubi Viggo, ta dubi Dorte, ta dubi saƙar da ke hannunta.

"Ajiye min safata, kar ki warware ta," ta ce. "Laraba tasa ce, Alhamis tawa. In ba don ɗakin nan ba, kuna tsammanin da me muka iya zama da ku shekara hamsin?"