Bulon da Ya Faɗo daga Hawa na Uku

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da ƙarfe goma da minti ashirin na safe, bulo guda ya suɓuce daga hawa na uku na wani gini da ba a gama ba. Ya sauko ba sallama, ya sami ƙafar hagu ta wani dattijo da ke tsaye a bakin titi. Ginin ba shi da shinge, ba shi da ragar tare abin da ya faɗo. Abin da ke jikinsa kawai allo ne mai sunan wani kamfani da ba wanda ya taɓa ganin ofishinsa.

Dattijon mai sayar da makullai ne. A unguwa ana ce masa Malam Babu, don shekara talatin matarsa ba ta taɓa tambayarsa wani abu ta ji wata amsa daban ba. Rufin ɗaki na yoyo, babu. Keken ɗinkinta ya lalace, babu. Shagonsa na gabashin gari, ginin kuwa yana yamma, amma kullum da hantsi sai ya bi ta nan, wai likita ya ce ya riƙa motsa jiki.

Ƙanin matar lauya ne, ya shekara shida yana jiran shari'ar da za ta sa a san da shi. Ya iso asibiti tun filastar da aka ɗaure karayar da ita ba ta bushe ba.

"Yaya, share hawayenki," in ji shi. "Wannan ƙafar ba ta taɓa yi miki rana irin ta yau ba."

Malam Babu ya yi nishi ya ce tsautsayi ne, a bar wa Allah.

"Shekara talatin komai na gidan nan Allah ake bar wa," in ji matar. "Wannan kam kotu za a kai shi. So nake in ga idon marar imanin da ya ƙi sayen raga."

"Ai raga da tsada," in ji Malam Babu.

"Ji shi! An karya shi yana taya su lissafi. Ko ɗan'uwanka ne?"

Malam Babu ya karɓi biro ya sa hannu a takardar ƙara.

A zama na farko aka kira shugaban leburori. Ya ce sau uku yana roƙon a sayo raga da kwanon shinge, sau uku ana aiko masa cewa leburori su riƙa kula. Bai taɓa ganin mai ginin ba, komai ta hannun lauyan kamfani yake zuwa. Amma mutumin, in ji shi, kamar yana da aljanu: in lebura ya zauna shan ruwa da hantsi, kafin azahar saƙon faɗa ya iso.

Alƙali ya ce a kawo mai ginin. Lauyan kamfani ya miƙe ya gyara riga, ya ce mutumin yana kwance, ko tsayuwa ba ya iyawa.

"Alhaki ne!" in ji matar daga benci na biyu. Aka tsawatar mata, aka ɗage zama.

Wannan lauyan kamfanin mutum ne mai zumunci. Sau biyu ya je asibiti duba Malam Babu, kuma duk zuwan sai ya jira matar ta fita wanke kwanuka, ya tura ƙofa. A karo na biyu ƙanin matar ya rutsa su suna ƙus-ƙus. Washegari ƙanin ya shaida wa kotu cewa ana neman saye marar lafiya a kan gadonsa, ya kuma roƙi a ninka diyya. Alƙali ya rubuta.

Wata bakwai ana wannan. Duk ranar da shari'a ta yi kyau, Malam Babu ba ya iya cin abinci. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Maƙwabta suka ce wannan bawan Allah ko haƙƙinsa ba ya son karɓa, irinsu sun ƙare. Sau ɗaya ya ɗauki sandunansa ya bi matar har madafa, ya ce akwai maganar da yake son su yi. Ta juyo riƙe da ludayi, ruwan rufi na ɗiga a bokiti tsakaninsu. Ya dubi bokitin, ya dube ta, ya ce ya manta.

Aka yanke hukunci ranar Alhamis da ƙarfe sha ɗaya da rabi. Mai ginin bai zo ba, an ce jikin ne har yanzu. Kamfanin kuwa ba shi da komai a duniya sai ginin, don haka alƙali ya ce a yi gwanjonsa a biya diyya da tara. Diyyar, bayan lauyoyi sun ɗebi nasu, a miƙa ta ga matar, tunda ita ke jinya. Ta yi hamdala, ta ce gobe za a kira mai gyaran rufi. Baƙin cikinta ɗaya ne, ba ta ga fuskar azzalumin ba.

Jama'a suka watse. Waɗanda suka rage a ɗakin shari'ar su ne magatakarda, yana ɗaure fayil da zare. Da ƙanin matar, yana neman ɗan jaridar da bai zo ba. Da matar, tana laluben takalminta a ƙarƙashin benci. Da lauyan kamfani, tsaye nesa kaɗan yana jiran a ba shi izinin tafiya. Sai kuma mai ƙara da mai ginin, su biyun a cikin riga ɗaya, a kan kujera ɗaya, da sanduna biyu jingine a gefe.