Ɓarawon Zuma da Kakansa

Kai da kake cewa halin gidanku ne ya ja maka, gyara zama ka ji. Bani Isra'ila ma sun taɓa riƙe irin wannan magana, wai laifin iyaye ne ake huce musu a kai. Annabawansu suka ce sam, Allah ba ya kama ɗa da laifin uba, kowa da kayansa zai tsaya. Ga misali.

An yi wani manomi da kakansa ya yi suna wajen satar zuma. Jikan nan sai ya mai da abin kunya garkuwa. Duk ɓarnar da ya yi, cewa yake a jini take, in ma akwai alhaki yana wuyan tsoho, shi gado kawai ya ci. Ga ƙanensa nan, uwa ɗaya uba ɗaya, ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba, amma wannan bai sa wan ya ji kunya ba. Ran nan da hantsi ya hango amyar maƙwabcinsa a kan ɗorawa, yawunsa ya tsinke. Kowa ya san ba a taɓa amya sai da hayaƙi. To, hayaƙi kuma shi ke tona asirin ɓarawo. Don haka gogan naka ya hau haka nan, daga shi sai wando, ya zura hannu ciki.

Ƙudan zuma suka yi masa caa. Ya saki reshe ya faɗo tim, ya ranta a na kare yana ihu: "Wayyo Allah! Kakana ne ya fara, ku je wurinsa!" Ni dai ban ji an ce ko ƙuda ɗaya ya nufi maƙabarta ba. Ƙanen yana noma a gefe, suka wuce shi, suka bi mai zuma a hannu har ƙofar gida. Kafin azahar fuska ta kumbura kamar ƙwarya. Da mai amya ya kai ƙara wurin mai unguwa, ba a nemi shaida ba, fuskokin jama'a kawai aka duba. Aka ce ya kare kansa, leɓe ya yi nauyi, ko sunan kakan ya kasa furtawa. Abin tausayi ne, amma ni dariya yake ba ni.

In ƙwaro ya san hannun da ya taɓa shi, ina ga Ubangijin da ya halicce shi? Shi ya sa Hausawa suka ce, kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.