Koren Ƙyallen Madina

An yi wani tela mai rumfa a jikin katangar masallaci, wanda kullum yake bugun ƙirji cewa tun da ya kama almakashi bai taɓa cin ko zaren wani ba. "Ni, ragowar yadi? Allah ya sawwaƙe! Ko girman farce ne sai na bi mai shi har gida." To shi wannan bawan Allah ya yi suna wajen ɗinka wa littattafan addini riga, kuma ba ta yadi ɗaya ba, ta haɗe-haɗe. Sai ya tara ƙyallaye, wannan mai kusurwa uku, wancan kamar kunnen akuya, wani siriri kamar ganyen albasa, ya jera su yadda suka ga dama, ya bi kowace gaɓa da allurar hannu da zare mai launi, ya sa shafi a ciki, ya yi mata igiyar ɗauri. Ka gani ka ce lambu ne ya yi fure. Da hannunsa kaɗai ya bari yana aiki, da an zauna lafiya. Amma bakin ma sai da ya sa shi ɗinki. Kowane ƙyalle yana da asali: fari daga rigar wani waliyyi a Tambutu, ja daga labulen wata makaranta a Masar, kore kuwa daga jelar rawanin wani shehi a Madina, wanda ya yanka masa da hannunsa, suna kuka su biyu. Da gemunsa ya zo garin, babu wanda ya san ƙuruciyarsa, balle a ce masa ina fasfo. Nan da nan aka daina ce masa Tela, aka koma Malam, ana matsa masa a sahun gaba. Abin da yake nema ke nan tun farko, kuma ya fi son sa fiye da tuwon dare.

Gaskiyar magana, ƙyallayen nan daga buhun da ke ƙarƙashin kekensa suke fitowa, shi kuwa buhun daga yadin mutane yake cika. Gab da babbar salla liman ya kawo koriyar shadda mai zanen ganye a ɗinka masa wando. Da wando ya fito sai ga shi a tsakiyar ƙwauri. Tela ya ce, "Allah gafarta malam, yadin ne ya sha ruwa ya tsuke. Ai kuma ɗage wando sunna ne." Ina liman zai yi gardama da sunna? Ya sa abinsa haka nan, sauro yana gaisawa da ƙafarsa. Tela dai yana da doka guda da yake kiyayewa kamar farilla: ƙyalle ba ya komawa gidan da ya fito, na gabas sai yamma. Amma ƙarya in ta daɗe a baki sai ta sauka zuciya. Ya maimaita labarin shehin Madina har shi kansa ya fara tuna kamannin shehin, ya manta wandon liman. Da ya tashi ɗinka wa babban littafin da liman yake karantarwa bayan la'asar riga, don sunansa ya ƙara zama daram, sai ya ɗauko koren nan ya dasa shi a gefe, inda kowane ido zai fara sauka.

Ranar da ya kai, zauren liman cike yake. Littafi ya zaga hannu hannu, kowa yana shafa rigar yana shafe fuska, neman tabarruki. Ladan, tsoho mai saurin hawaye, ya manna jan ƙyallen Masar a leɓensa, ya sumbata, ya sake. Tela yana gefe ya sunkuyar da kai irin na masu gudun duniya, kunne kuwa a miƙe yana kwasar yabo. Sai liman ya zauna ya harɗe ƙafa, ya ɗora littafin a cinya, gefen rigar ya faɗa daidai bakin wando. Rabin ganye na sama, rabin ganye na ƙasa, suka haɗu suka zama ganye guda, kai ka ce uwa ce ta ga ɗanta. Ladan ya zura ido, ya goge, ya sake zurawa. Ya ce, "Allah gafarta malam, shi shehin nan na Madina, da ƙafar wandonka yake naɗi?" Sai salati ya ɓarke ta ko'ina. Mai unguwa ya gane aljihun rigarsa a jikin waliyyin Tambutu. Ladan ya ƙura wa jan ƙyallen ido: zanin ankon uwargidansa ne, wanda ta yi ta mitar bai kai mata idon sawu ba. Ya kama goge leɓe da hannun riga yana "Innalillahi!" Liman kuwa bai yi dariya ba. Ya kwance igiyar, ya zare littafin ya rungume, ya ce, "Da kayan sata ka suturta wannan?" Tela ya buɗe baki zai ce ai irin shaddar nan a Madina ma ana sayarwa, amma ba a ba shi dama ba. Liman ya miƙa masa rigar. "Ungo, Tela. Ka warware, ka mayar wa kowane waliyyi nasa."

Daga ranar Tela ya koma sahun baya, kusa da takalma. Dama Hausawa sun ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.