Telan da Ya Tsallake Kashi na Biyu

Kai da kake cewa a fim mai kashi uku na tsakiya cikon benci ne, gyara zama ka ji abin da ya sami wani tela. Mutumin nan ba shi da haƙurin jira, ko shayi a tsaye yake sha. Aka kawo wani fim na yaƙin mutane da aljanu, kashi uku, an fassara shi da Hausa. Ya kalli na ɗaya, ya haukace a kan wani barde mai suna Zarmaki, wanda ya dafa takobi ya rantse ba zai rabu da amininsa ɗan sarki ba ko sama da ƙasa za su haɗe. Da aka ce ga na biyu, sai tela ya taɓe baki, wai na tsakiya ba kai ba gindi, tafiya ce kawai a daji da yunwa. Ya tsallake zuwa na uku inda ake kiɗan nasara. Bai ga Zarmaki a ciki ba, sai ya yanke wa kansa cewa gwarzon ya faɗi a fagen fama, har da 'yar ƙwallarsa. Ana nan matarsa ta haifi namiji, aka sa wa yaro sunan mahaifin tela, marigayi. Ka san ba mai kiran wannan suna gatsau a gidan, dole a sakaya. Mata suka ce Abba, tela ya kafe sai Zarmaki. Har hula ya ɗinka wa jariri, ya zana sunan da zare a goshinta. Kafin yaro ya fara rarrafe unguwa duka ta ɗauka.

Wata rana wani direba ya zo karɓar ɗinki, ya ga hular a kan yaro. Ya dubi tela ya ce, "Maigida, me yaron nan ya yi maka?" Tela bai gane ba. Direba ya tura masa kashi na biyu a waya ya tafi. Tela ya ɗauke ƙafa daga keke ya kunna. Ashe nan ne rundunar ta watse, guzuri ya ƙare, ba makaɗi ba mai kirari. Wani matsoraci da tela ya sha yi wa dariya a kashin farko, shi ya goya ɗan sarki da rauninsa ya ƙetare kogi. Zarmaki kuwa, da bakinsa ya faɗa wa aljanu kogon da mata da yara suka ɓuya, don a bar shi da ransa. Tela ya mayar da wurin baya ya sake kallo, ko idonsa ne. Ba idonsa ba ne. Sai innalillahi yake maimaitawa. Mahaifinsa ya rayu ya mutu ba a taɓa jin ya ci amanar kowa ba, shi kuma da hannunsa ya lulluɓe sunan bawan Allah da na maci amana. Ya fizge hular ya farke zaren, amma zaren kaɗai ya farku. Daga cikin gida ya ji mahaifiyarsa, wadda kunya ba ta barinta ta furta sunan mijinta, tana cewa, "Zarmaki, taho nan." Yaro ya juya yana dariya, ya rarrafa wajenta.

To ka ji. A farkon labari kowa jarumi ne, tunda ciki a ƙoshe yake, a ƙarshe kuma kowa ya iya rawar nasara. Wanda ya tsallake tsakiya bai san kowa ba a cikinsu. Ai Hausawa sun riga sun faɗa: ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.