'Yar Tsana Mai Muryar Zulai

Ma'aikatan jinya huɗu ne, duk ƙwararru, amma babu mai iya cewa "na kasa". A zamanin kuwa, ba sa taɓa majinyaci sai sun haɗu sun ceto 'yar tsanar gwaji mai numfashi, wadda ake sa wa muryar ɗan ɗayansu.

Ranar, muryar Zulai, 'yar ɗayansu, aka sa. Tana bayan gilashi ta ji 'yar tsanar ta ce, "Umma, ƙirjina!" Sai numfashin 'yar tsanar ya tsaya.

Hannun mahaifiyarta ya ɗauki rawa.

Ta ce wa abokin aikinta, "Malam Tanko, karɓi allurar, na kasa!"

"Matso nan, Maman Zulai, riƙe mata kai."

Numfashi ya dawo, suka ci gwajin.

Tana shan rake a hanyar gida, Zulai ta gane cewa ko hannun Umma ya yi rawa, akwai wasu hannuwan.