Shaidar Malam Baha

Hureira ta fito daga ɗakin intabiyu kamar ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa. Duk tambayar da matar nan 'yar Malesiya ta jefo mata da Turanci sai da ta cafe, har ta ba ta dariya. A bakin ƙofar kwalejin da ke unguwar Cheras a Kuala Lumpur ta rungume Hasna, ƙawarta 'yar Malesiya a ajin koyon Turanci, suka yi ta juyi har mai gadi ya leƙo.

"Anti, kin ci lah," in ji Hasna, da "lah" ɗin da 'yan ƙasar suke ƙarawa a ƙarshen magana. "Wallahi kin gama da su."

A cikin jirgin ƙasa wani saurayi ya tashi ya ba ta kujera, ta ƙi zama. Wa yake ta zama? Difloma ce a harkar otal da girke-girke take kiran sunanta. Har ta fara hango kanta cikin farar riga da doguwar hula, tana koya wa mutanen Kuala Lumpur cin masa da miyar taushe. Dariya ta kuɓuce mata, mutane suka waiwayo, ba ta damu ba.

Sai da ita da Hasna suka sauka a tashar Wangsa Maju maganar matar ta ƙarshe ta dawo mata: saura su duba takardar shaidar malaminta, sannan su kira ta. Nan take murnarta ta koma ciki.

Ta ga takardar da idonta. Malam Baha, wanda yake koyar da su a wani ɗan aji a saman shagon wanki, abin da ya rubuta bai kai tafin hannu ba. Tana zuwa a kan lokaci. Tana yin aikin gida. Yana ganin za ta iya. Shi ke nan. Ta Hasna kuwa shafi guda cur, da haziƙa, da gwana, da abar alfahari, kuma hannu ɗaya ne ya rubuta su.

Abin ya tsaya mata a rai. Ita ce ba ta taɓa fashin aji ba. Ita ce take ƙullo masa dambun nama, ba albasa, don ta san ba ya ci. Sauran ɗalibai suna ta Mista Baha, Mista Baha, ita ko da wasa sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Ga bizarta ta kusa ƙarewa. In kwalejin nan ta ƙi ta, sai haɗa kaya, sai Kano, inda tuni ta cika wa 'yan'uwa baki.

Hasna ta ja ta shagon mamak, irin na Indiyawa masu shayi da abinci, a bakin tasha, ta sayo musu shayi mai kumfa. Hureira ta kasa sha. Yanzu ta yi dariya ta maimaita amsar da ta ba matar, an jima ta dafe kai ta ce Malam ya kashe mata kasuwa. Wayar tana kan tebur, tana juya ta kamar waina.

Bayan la'asar wayar ta yi ƙara. Ta saurara, ta ce "yes" ya fi a ƙirga, ta ajiye. Sai ta rangaɗa guɗa a tsakiyar shagon, har mai soya gurasar roti ya saki cokali. An ɗauke ta.

Ba ta jira Hasna ba. Ta tsallaka titi, ta haye benen shagon wankin, gwiwoyinta suna ƙorafi tana ba su haƙuri. Ta tarar an tashi daga aji, Malam shi kaɗai yana goge allo.

"Sun ɗauke ni," ta ce tana haki. "Duk da 'yar guntuwar takardarka."

Ya ajiye abin gugar. Fuskar nan da kullum take a ɗaure a gaban ɗalibai ta washe, har ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Alhamdu lillahi. Na san za su ɗauka."

"Ka sani? To me ya hana ka yabe ni kamar Hasna? Yini na yi zuciyata a hannu."

"Da kaina na je ofishinsu na kai takardar, na faɗa musu gaskiyar yadda muke. Suka ce in rubuta abin da rajistar aji za ta tabbatar kawai, sauran za su gani da idonsu."

Ya matso ya durƙusa a gabanta, ya karɓi jakar hannunta.

"Umma, duk duniya wa zai yarda da yabon ɗan fari a kan uwar da ta haife shi?"